BABI NA UKU: TSARARRIYAR SHAWARA WAJEN ZAƁEN AYYUKAN ƘUNGIYA DA JERA SU BISA FIFIKO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi waiwaye a kan ayyukan da masana suka gudanar dangane da shugabanci da tafiyar da ƙungiyoyi. Shi kuwa wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda mutanen da aka ɗora wa alhakin tafiyar da wata ƙungiya ko ma'aikata za su zauna su zaɓi ayyukan da za a yi, su kuma jera su tun daga wanda za a fara har zuwa wanda zai jira. Za a duba ma'anar tsararriyar shawara da matsalolin taron da ba shi da tsari, sannan a kawo hanyar da Delbecq da Van de Ven suka shimfiɗa, wadda ita ce ginshiƙin babin. Daga nan sai a dubi yadda ake auna ayyuka da yadda ake ƙidayar ƙuri'a, da kuma wuraren da tsarin yake da rauni.

Muhimmancin wannan batu ya taso ne daga wani abu da kowa ya sani, wato babu ƙungiyar da buƙatunta ba su fi ƙarfin aljihunta ba. Idan aka kasa jera buƙatun, sai a yayyafa ɗan kuɗin da ake da shi a kan ayyuka barkatai, a wayi gari babu ko ɗaya da ya kai gaci. A shekarar 2011, kwamitin tantance ayyuka da Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoton cewa akwai ayyukan gwamnatin tarayyar Nijeriya har 11,886 da ba a kammala ba. Dalilan da suka haifar da haka suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu a fili yake: an buɗe ayyuka fiye da waɗanda kuɗi zai iya ɗauka. Abin da ya sami gwamnati yana iya samun ƙaramar ƙungiya ta unguwa ko kamfani ko makaranta.

3.1 Ma'anar Tsararriyar Shawara

Kalmar shawara Bahaushe ya aro ta ne daga Larabci, kuma tana nufin neman ra'ayin wani ko wasu kafin a zartar da wani al'amari. Bahaushe ya daɗe da sanin amfaninta, shi ya sa yake cewa shawara ɗaukar ɗaki. Ma'anar wannan ita ce, kamar yadda mutum ɗaya ba ya ɗaga jinkar ɗaki ya aza, haka ma babban al'amari yake buƙatar kawuna da dama.

Tsararriyar shawara kuwa ita ce wadda mahalarta suke amincewa da ƙa'idojinta tun kafin a fara tattauna abin da ya tara su. Ƙa'idojin sun haɗa da yadda za a kawo ra'ayi, da lokacin da kowa zai yi magana, da ma'aunin da za a gwada ayyuka da shi, da kuma yadda za a ƙidaya zaɓin kowa. Manufar duk waɗannan ƙa'idoji guda ce, wato a raba ra'ayi da mai shi, ta yadda za a auna aiki da amfaninsa ba tare da la'akari da girman wanda ya kawo shi ba.

Ya kamata kuma a bambance tsakanin zaɓe da fifiko. Zaɓe shi ne tantance ayyukan da suka cancanci a yi daga waɗanda ba su cancanta ba. Fifiko kuwa shi ne jera waɗanda suka cancanta ɗin, a san na farko da na biyu da na uku. Na biyun ya fi wuya, domin a nan ne dole wani ya haƙura da aikin da kowa ya yarda yana da amfani.

3.2 Matsalolin Taron da Ba Shi da Tsari

Taron da aka saba da shi shi ne wanda shugaba zai buɗe da jawabi, ya bayyana ra'ayinsa, sannan ya nemi jin ta bakin jama'a, a ƙarshe a ɗaga hannu. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa irin wannan zama yana da illoli, waɗanda za a iya kasa su gida uku.

3.2.1 Bin Yarima a Sha Kiɗa

A shekarar 1951 Solomon Asch ya buga sakamakon wani gwaji da ya gudanar a Amurka. Ya riƙa zaunar da mutum ɗaya a tsakiyar wasu mutane da aka haɗa baki da su, sai a nuna musu layuka a takarda a tambayi wanne ne ya yi daidai da wani a tsawo. Amsar a bayyane take, amma waɗanda aka haɗa baki da su sai su ba da amsar kuskure da gangan, ɗaya bayan ɗaya. An samu cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a a kan kuskuren aƙalla sau ɗaya. Abin lura a nan shi ne, da aka ba mutum dama ya rubuta amsarsa a asirce, bin jama'ar ya ragu ƙwarai.

Haka kuma Irving Janis (1972) ya nazarci yadda majalisar Shugaba Kennedy ta amince da shirin mamayar ƙasar Kyuba a watan Afrilu na 1961. An tura 'yan gudun hijirar Kyuba kimanin 1,400, aka murƙushe su cikin kwana uku. Janis ya nuna cewa a cikin mashawartan akwai masu shakka a kan shirin, amma suka yi gum don kada su ɓata haɗin kan majalisa, kowa kuma ya ɗauki shirun ɗan'uwansa a matsayin yarda. Da rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya taso a 1962, Kennedy ya sauya salo, har yakan ƙaurace wa wasu zaman don mashawarta su saki jiki su yi gardama.

3.2.2 Toshewar Tunani

Illa ta biyu ta shafi yawan ra'ayoyin da taro yake iya fitarwa. Alex Osborn, wani mai sana'ar tallace-tallace a birnin New York, ya yaɗa wata dabara a littafinsa na 1953, inda ake tara mutane kowa ya riƙa jefo abin da ya zo masa a rai ba tare da an kushe ba. Dabarar ta karɓu sosai a kamfanoni. Sai dai a 1958, Taylor da Berry da Block sun gwada ta a Jami'ar Yale, suka samu cewa mutum huɗu da kowa ya zauna shi kaɗai ya rubuta ra'ayoyinsa, aka haɗa daga baya, sun fi mutum huɗu da suka zauna tare fitar da ra'ayoyi masu yawa.

Daga baya Diehl da Stroebe (1987) a ƙasar Jamus suka gano babban musabbabin haka. A wurin taro mutum ɗaya ne yake iya magana a lokaci guda. Yayin da saura suke jiran a zo kansu, wani ya manta abin da zai faɗa, wani ya ga maganar ta riga ta wuce wurin, wani kuma hankalinsa ya koma kan sauraro.

3.2.3 Nauyin Baki

Illa ta uku ta fi bayyana a al'ummar da take girmama na gaba, kamar ta Hausawa. Tarbiyyar Bahaushe ta hana yaro ya musa wa babba a bainar jama'a, har yakan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wannan ɗabi'a kyakkyawa ce wajen zaman tare, amma a teburin zaɓen ayyuka tana da tsada. Sau da yawa ƙaramin ma'aikaci shi ne ya san inda rufi yake yoyo, mata kuma su ne suka san wahalar ruwa a gida, alhali su ne bakinsu yake yin nauyi a gaban shugaba ko attajirin da ya fi kowa ba da gudummawa. Idan ba a yi hattara ba sai taro ya koma na 'yan amshin Shata, a tashi da sunan an yi shawara alhali ra'ayin mutum ɗaya aka tabbatar.

3.3 Hanyar Rukunin Suna

Domin magance waɗannan illoli ne Andre Delbecq da Andrew Van de Ven suka tsara wata hanya a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Sun buga bayaninta a 1971, sannan a 1975 suka faɗaɗa shi a wani littafi tare da David Gustafson. Sunan da suka ba ta a Turance yana nufin rukunin da yake rukuni a suna kawai, saboda a farkon zama mutane suna wuri ɗaya amma kowa aikinsa yake yi shi kaɗai. A wannan nazari za a kira ta hanyar rukunin suna. Ta fi dacewa da mutum biyar zuwa tara, idan kuwa aka fi haka sai a kasa su rukuni-rukuni. Ana naɗa jagoran zama, wanda aikinsa tsare ƙa'ida ne. Hanyar tana da matakai shida kamar haka:

Mataki na farko shi ne rubutu cikin shiru. Jagora zai karanta tambaya guda wadda aka rubuta ta a sarari, alal misali, waɗanne ayyuka ne ya kamata ƙungiya ta yi a bana? Kowa zai rubuta amsoshinsa a takarda na 'yan mintoci, babu magana, babu leƙe. Wannan shi ne maganin toshewar tunani, domin kowa yana tunani a lokaci guda.

Mataki na biyu shi ne zagaye. Jagora zai bi mahalarta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi ra'ayi guda tak, a rubuta shi a allo a ba shi lamba. Haka za a yi ta zagayawa har ra'ayoyi su ƙare. A wannan mataki ba a yabo ba a suka. Ba a kuma rubuta sunan mai ra'ayi a gefensa, don haka kafin a gama zagaye na uku yawanci an manta wa ya kawo me.

Mataki na uku shi ne fayyacewa. Za a bi jerin da yake allo daga sama har ƙasa, a ba kowane aiki lokaci daidai da na ɗan'uwansa. Kowa yana iya tambayar abin da ake nufi da aiki, ko ya faɗi dalilin goyon baya ko na adawa a taƙaice. Ba dole ne wanda ya kawo ra'ayi ya kare shi ba, domin tun da ya hau allo ya zama na kowa. Ayyukan da suka yi kama sai a haɗe su.

Mataki na huɗu shi ne ƙuri'ar farko. Kowa zai zaɓi adadin da aka ƙayyade, alal misali ayyuka biyar, ya rubuta kowanne a kati daban. Wanda ya fi muhimmanci a wurinsa ya ba shi maki 5, mai bi masa maki 4, har zuwa na ƙarshe mai maki 1. Jagora zai tattara katunan ya cakuɗa su, sannan a ƙidaya a gaban kowa.

Mataki na biyar shi ne duba sakamako. Za a tattauna a taƙaice a kan abin da ƙuri'ar ta nuna, musamman inda aka sami saɓani mai yawa, kamar aikin da wasu suka ba shi 5 wasu kuma ba su zaɓe shi ba sam. Irin wannan saɓani yakan nuna cewa wasu sun san wani abu da saura ba su sani ba.

Mataki na shida shi ne ƙuri'ar ƙarshe, wadda ita ma a asirce ake kaɗa ta. Jimillar makin da ta bayar shi ne jerin fifikon rukuni.

Idan aka yi la'akari da waɗannan matakai za a ga cewa babu inda aka buƙaci yaro ya dubi tsabar idon babba ya ce masa ya yi kuskure. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, kowa ya yi zaɓinsa, kuma mutuncin kowa yana nan. Wannan ne ya sa hanyar ta dace da wurin da kunya da kara suke da ƙarfi.

3.4 Ma'aunai da Nauyinsu

Inda ayyuka suke da tsada, ƙuri'a kaɗai ba ta wadatarwa, domin kowa yana iya zaɓe da ma'aunin da yake ransa. Saboda haka sai a amince da ma'aunai na bai ɗaya, a ba kowanne nauyi, sannan a gwada kowane aiki da su. Domin a fahimci yadda ake yi, ga misali na ƙiyasi. A ƙaddara wata ƙungiyar ci gaban gari tana da naira miliyan 30, ga kuma ayyuka huɗu a gabanta: rijiyar burtsatse ta miliyan 12, gyaran ajujuwan firamare na miliyan 15, ɗakin shan magani na miliyan 20, da ɗakin taro na miliyan 20. Jimillarsu miliyan 67 ke nan. Idan aka raba kuɗin gida huɗu don a faranta wa kowa, kowane aiki zai sami miliyan bakwai da rabi, wato babu wanda zai kammalu.

A ce kwamiti ya amince da ma'aunai huɗu, ya raba musu nauyi 100 kamar haka: yawan masu amfana 40, gaggawa 30, arahar aiki 20, sauƙin kulawa bayan an gama 10. Sai a ba kowane aiki maki daga 1 zuwa 5 a kan kowane ma'auni, a ninka makin da nauyin, a tara:

Burtsatse: maki 5, 5, 4, 2, jimilla 450
Ajujuwa: maki 4, 4, 3, 4, jimilla 380
Ɗakin shan magani: maki 4, 3, 2, 1, jimilla 300
Ɗakin taro: maki 2, 1, 2, 5, jimilla 200

Bisa wannan lissafi, ƙungiya za ta haƙa burtsatse ta gyara ajujuwa a kan miliyan 27, ta ajiye miliyan 3, ɗakin shan magani kuma ya zama na farko a baɗi.

To, amma a ce kwamitin ya taɓa ganin burtsatsen da ya lalace aka rasa mai gyara, saboda haka ya ba sauƙin kulawa nauyi 40, sauran ukun kuma 20 kowanne. Ba tare da an taɓa maki ko ɗaya ba, sakamakon zai koma haka: ajujuwa 380, burtsatse 360, ɗakin taro 300, ɗakin shan magani 220. Ajujuwa sun hau kan gaba, ɗakin taron da yake can ƙasa kuma ya tsere wa ɗakin shan magani.

Wannan ya nuna cewa ainihin hukuncin ana yanke shi ne a lokacin da ake raba nauyi. Lissafin da ya biyo baya fassara ce kawai ta abin da aka riga aka amince da shi. Don haka ƙa'ida mafi muhimmanci a nan ita ce a tsayar da ma'aunai da nauyinsu, a rubuta, tun kafin a fara ba ayyuka maki. Idan aka bari sai an ga sakamako, mai son ɗakin taro zai san ma'aunin da zai ɗaga don nasa ya haye. Shi kansa rabon nauyin ana iya yin sa ta hanyar rukunin suna, kowa ya rubuta nasa a asirce a ɗauki matsakaici.

Akwai kuma hanyar da Thomas Saaty ya tsara a shekarun 1970, ya buga littafi a kanta a 1980. A wannan hanya ana gwada ma'aunai biyu-biyu, a tambayi wanne ya fi kuma da nawa, a kan sikeli daga 1 zuwa 9. Amfaninta shi ne ya fi wa mutum sauƙi ya gwada abu biyu da ya jera goma a lokaci guda. Wahalarta kuwa ita ce yawan tambayoyi, domin ma'aunai huɗu suna buƙatar gwaji 6, goma kuwa suna buƙatar 45.

3.5 Matsalar Ƙidayar Ƙuri'a

Ana iya tambaya, me ya sa ba za a tsaya ga ɗaga hannu a bi rinjaye ba? Wani masanin lissafi na Faransa mai suna Condorcet ya nuna tun a 1785 cewa idan abin zaɓe ya kai uku, rinjaye yana iya cin karo da kansa. A ɗauki mutum uku. Na farko ya fi son burtsatse, sai ajujuwa, sai ɗakin shan magani. Na biyu ya fi son ajujuwa, sai ɗakin shan magani, sai burtsatse. Na uku ya fi son ɗakin shan magani, sai burtsatse, sai ajujuwa. Idan aka kara burtsatse da ajujuwa, burtsatse zai ci da biyu da ɗaya. Idan aka kara ajujuwa da ɗakin shan magani, ajujuwa za su ci. Idan kuma aka kara ɗakin shan magani da burtsatse, ɗakin shan magani zai ci. Ke nan kowane aiki akwai wanda ya kayar da shi.

A irin wannan hali, shugaban da yake tsara wanda za a fara kaɗa wa ƙuri'a shi ne yake zaɓe a fakaice. In ya fara da burtsatse da ajujuwa, wanda ya ci ya kara da ɗakin shan magani, to ɗakin shan magani ne zai yi nasara. In kuwa ya fara da ajujuwa da ɗakin shan magani, burtsatse ne zai yi nasara. Ba da maki bisa jeri, kamar yadda ake yi a mataki na huɗu, ya samo asali ne daga shawarar da wani Bafaranshe, Borda, ya gabatar a 1770. Tana da fa'idar duba dukan ayyuka a lokaci guda, tare da la'akari da zaɓin mutum na biyu da na uku. A misalin da ya gabata za ta nuna cewa ayyukan uku sun yi kunnen doki, wanda shi ne gaskiyar lamarin. Duk da haka, Kenneth Arrow ya tabbatar a 1951 cewa babu wata hanyar haɗa jerin zaɓin mutane da za ta cika dukan sharuɗɗan adalcin da ya gindaya. Abin da ya rage ga ƙungiya shi ne ta zaɓi hanya guda tun da wuri, ta kuma tsaya a kanta.

3.6 Wasu Hanyoyi Makamanta

Inda mahalarta suke nesa da juna, ko kuma ake gudun haɗa su ido da ido, akan yi amfani da hanyar Delfi. An tsara ta ne a cibiyar bincike ta RAND da take Kalifoniya a shekarun 1950, Dalkey da Helmer kuma suka buga bayaninta a 1963. An ba ta sunan wani wurin duba na tsohuwar ƙasar Girka. Ana aika wa masana tambayoyi a rubuce, a tattara amsoshinsu ba tare da suna ba, a mayar musu da taƙaitaccen sakamako, kowa ya sake duba matsayinsa. Haka za a yi zagaye biyu ko uku. Ta fi ɗaukar lokaci, amma ta fi kowace hanya ɓoye mai ra'ayi.

Inda kuma mahalarta ba su iya rubutun boko ba, masu aikin raya karkara irin su Robert Chambers sun yaɗa dabarun da ba sa buƙatar alƙalami. Ana zana ayyuka a ƙasa ko a wakilta su da wasu abubuwa, a ba kowa tsakuwa ko ƙwayar hatsi ya ajiye a kan abin da ya fi so, a kuma zaunar da mata da matasa daban don su saki baki. A Nijeriya, shirin raya al'umma na CSDP da aka soma a 2009 da tallafin Bankin Duniya ya ginu ne a kan wannan tunani, inda al'umma da kanta ta riƙa jera buƙatunta, tana kuma zaɓen kwamitin da zai kula da aikin.

3.7 Raunin Tsararriyar Shawara

Duk da fa'idojin da aka ambata, tsarin yana da rauni ta fuskoki huɗu. Na farko, sakamako yana bin waɗanda aka gayyata ne. Kwamitin da babu mace a cikinsa zai iya bin matakai shida daki-daki, ya kuma ba ruwan sha ƙaramin maki. Na biyu, wanda ya tsara tambaya yana da tasiri, domin tambayar wane gini za a yi ta riga ta fitar da duk aikin da ba gini ba, kamar horar da malamai. Na uku, lamba tana da ruɗi. Bambancin 380 da 360 bai kai a ce aiki ɗaya ya fi ɗaya nesa ba, tunda makin kansa ƙiyasi ne. A irin wannan hali ya fi kyau a sauya nauyi kaɗan a ga ko jerin zai tsaya, in bai tsaya ba a koma tattaunawa. Na huɗu, wasu ayyuka sun dogara da wasu, kamar ɗakin shan magani da ba zai yi aiki ba sai da ruwa, jeri kuwa ba ya nuna wannan sai an lura da shi musamman.

Bugu da ƙari, dole shugaba ya bayyana tun farko ko sakamakon zama hukunci ne ko kuwa shawara ce da zai duba. Idan aka tara mutane suka yini suna jera ayyuka, sannan shugaba ya yi gaban kansa ba tare da ba da dalili ba, gobe in an kira su ba za su ɗauki zaman da muhimmanci ba.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar tsararriyar shawara, an kuma nuna illoli uku na taron da ba shi da tsari, wato bin jama'a da toshewar tunani da nauyin baki. An kawo matakai shida na hanyar rukunin suna da yadda suke magance waɗannan illoli. Haka kuma an nuna da misali cewa rabon nauyin ma'aunai shi ne yake yanke hukunci, don haka wajibi ne a tsayar da shi kafin a auna ayyuka. An kuma taɓo matsalar ƙidayar ƙuri'a da hanyar Delfi da dabarun karkara, tare da raunin tsarin. Babi na gaba zai duba kalmomi da salon maganar da ake amfani da su a zaman kwamitocin ƙungiyoyin Hausawa, domin a ga yadda harshe yake buɗe ƙofar ra'ayi ko ya rufe ta.